Juyi Biyu Da Rabi

A Kaduna na koyi tuƙi, cikin Peugeot 504 ta kawuna, irin wadda kamfanin PAN ya fara haɗawa a garin a 1975. Sitiyarinta sai ka juya fiye da sau huɗu kafin tayoyi su tashi daga ƙurewar hagu zuwa ƙurewar dama. A lokacin haushin wannan juye-juyen nake ji, gani nake motar tana da nawa.

Shekaru bayan nan neman abinci ya kai ni Ingila, na kama aiki a wani ƙaramin gareji da ke gyaran tsofaffin motoci. A can na tara kuɗi na sayi Ford Escort Mk2, wadda aka daina ƙerawa a Turai a 1980. Sonta ya shiga raina ne saboda tseren daji. Da irinta Björn Waldegård ya zama gwarzon duniya a 1979, Ari Vatanen kuma a 1981, suna karkata ta gefe a kan tsakuwa, ƙura na tashi.

Da rak ɗin sitiyarinta, wato sandar haƙoran da ke karkata tayoyin gaba, ya fara lilo, sai zaɓi ya zo gabana: ko in sa irin na asali mai juyi kimanin uku da rabi, ko in sa mai sauri na 'yan tsere, mai juyi 2.4. Bambancin yana cikin ƙaramin giyan da ke ƙarshen sandar sitiyari. A mai saurin, giyan ya fi girma, don haka juyi ɗaya yana tura sandar haƙoran nesa. Maigidana a gareji, dattijo mai ƙarancin magana, ya tambaye ni inda zan riƙa hawa motar. Na ce cikin gari, wani lokaci babbar hanya. Ya ce to in bar mata abinta. Ban ji ba, na sa mai saurin. Ƙuruciya ce, kuma hoton Vatanen na manne a bangon ɗakina.

Makon farko na ji daɗi ƙwarai. A hanyoyin ƙauye masu kwana-kwana hannuna ba ya barin inda yake, ɗan motsi kaɗan motar ta amsa. Amma Escort ɗin ba ta da na'urar da ke taimaka wa sitiyari, kuma abin da ka rage a juyi, damtsenka ne zai biya shi. Nauyin ya ƙaru da kusan rabi. Fakin a ƙuntataccen layinmu ya zama kokawa, musamman da na sa faffaɗan taya. A babbar hanya kuma kowane rami sai ya bugo tafin hannuna, atishawa ɗaya na iya kai ni layin maƙwabci. Matata ta tuƙa ta sau biyu ta ajiye mini makulli. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, domin don mu biyu na saye ta.

Bayan wata shida na kwance rak ɗin mai sauri, na sa na asali. Maigida ya riƙe mini fitila bai ce uffan ba. A daren na tuna da 504 ta kawu, na gane cewa juyin nan mai yawa shi ya sa yake kai mu Zariya ya dawo ba gajiya.

Wanda zai shiga tseren daji, rak mai sauri nasa ne, domin yana bukatar kamo bayan mota kafin ya kuɓuce. Kai da za ka ɗauki iyali ku fita ran Lahadi, ka bar wa tsohuwar motarka rak ɗin da aka ƙera ta da shi.