Ganga Ta Riƙe, Takarda Ta Manta

Wata ranar Laraba, a darasin Hausa, na raba allo gida biyu, na ce wa ɗalibaina su rubuta sunayen waɗanda suka mulki ƙasar Maraɗi bi da bi: gefe guda sarakuna, ɗaya gefen waɗanda gwamnati ta turo. Kafin a kaɗa ƙararrawa gefen sarakuna ya cika. Wani yaro ɗan Tasawa, jikan makaɗi, ya jero su kamar yana ƙirga yatsunsa: Ɗan Kasawa, Rauda, Ɗan Mari, Binoni, Ɗan Mahedi, Ɗan Baura, Ɗan Baskore. Ɗaya gefen kuwa suna biyu kacal aka samu, na biyun ma sai da aka sha gardama. Na so in yi musu faɗa, sai na tuna ni kaina da nake riƙe da alli ba zan iya cika gefen ba.

Jerin farko tarihinsa sananne ne. Bayan da jihadi ya fitar da sarakunan Haɓe daga birnin Katsina wajen 1807, zuriyarsu ta yi arewa, Ɗan Kasawa ya kafa gadon sarauta a Maraɗi wajen 1819. A ƙarshen ƙarnin, rigimar fada ta sa Sarki Mijinyawa ya bar Maraɗi ya zauna Tasawa. Kowane suna yana tafe da kirarinsa da yaƙinsa, ganga kuma tana maimaita shi duk ranar Salla.

Jeri na biyu da wuta ya fara. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar nan tana ƙone garuruwa, har jagororin biyu suka gamu da ajalinsu a wajen Maijirgi, inda kaburburansu suke. Daga baya kumandan ya zauna a barikin Tasawa, kafin a mai da mazaunin mulki Maraɗi a shekarun 1920. Bayan samun ƴancin kai, dokar 1964 ta ba Maraɗi perfe, Tasawa da Mayahi kowace superfe. Dokar 2002 ta sake fasali: Maraɗi ta samu gwamna, superfe ya koma perfe. A matsayina na mai koyar da Faransanci, na sha wahalar fassara wa yara waɗannan muƙamai, amma tsofaffin ƙauyenmu a ƙasar Mayahi sun hutar da kansu: duk wanda ya zo a mota da tuta, kumandan ne.

Ina ganin tsofaffin nan sun fi mu gane al'amarin. Suna ya sauya sau biyu, amma hanyar hawa kujerar ɗaya ce: takarda daga sama. Ko da aka yi zaɓen majalisun ƙananan hukumomi a 2004, da na jihohi a 2011, gwamna da perfe naɗa su ake yi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka naɗa sababbin gwamnoni, a 2024 kuma aka rusa majalisun. Wanda takarda ta kawo, takarda ke ɗauke shi, don haka fuskarsa Yamai take kallo. Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa. Yaushe za a yi wa raɓa kirari?

Duk da haka, talaka ba ya manta wanda aikinsa ya taɓa tukunyarsa. Mahaifina, Allah ya jiƙan sa, bai san sunan perfen da ke Maraɗi a 1984 ba, amma har ya rasu yana kiran yunwar shekarar El-Buhari, kamar yadda kowa ke kiran ta, saboda Janar Muhammadu Buhari ya rufe iyakar Nijeriya a daidai lokacin da fari ya cinye gero. Ka duba, mai karatu: shugaban wata ƙasa ya shiga lissafin shekarunmu, namu na gida bai shiga ba. Perfe ɗaya da mahaifina yakan ambata shi ne Tandja Mamadou, wanda ya riƙe Maraɗi daga 1976 zuwa 1979, daga baya ya zama shugaban ƙasa a 1999. Shi ma, a 2005, sa'ad da mata ke layi da ƴaƴansu a wuraren ciyarwa na jihar nan, ya shaida wa duniya cewa babu yunwa a Nijar. Wannan ma an riƙe.

Kada a ɗauka ina wanke sarakuna. Makaɗi yabo yake yi, ba ya faɗin hatsin da aka ƙwace ko bayin da aka kama. Amma aƙalla akwai sunan da za a rataya wa tambaya. Inda babu jeri kuwa, babu hisabi. Idan aka aza harsashin aji a Kanembakashe aka bar shi ga awaki, wa za a tambaya? Na yau zai ce ya tarar, na jiya an mai da shi wata jiha, na shekaranjiya ba wanda ya san sunansa.

Shi ya sa na sauya aikin gida. Na ce kowane ɗalibi ya je wurin dattijo mafi tsufa a gidansu, ya tambayo: rijiyar nan, hanyar nan, ɗakin shan maganin nan, a zamanin wa aka yi su, wanda aka yi alkawari ba a cika ba kuma a zamanin wa? Mun sayi babban littafi muna rubutawa, suna a hagu, aiki a dama. Shafuka da yawa damansu fari ne fat, ban kuma yarda a cika su da yabo ba. Fatana wata rana sabon gwamna ya zo ziyara lakwal ɗinmu, yaro ya miƙa masa littafin, ya ga an riga an buɗe masa shafi. Allah ya ba shugabanninmu ikon cika nasu da alheri, amin.