Jirgin Dare Daga Yawunde Zuwa Ngaundare: Mu Tafi Da Yaranmu

Idan babban hutu ya gabato, mu malamai mukan rufe rajista, iyaye kuma su shiga tunanin abin da za su yi da yara har watan Satumba. Saboda haka muka ga ya dace mu yi magana a kan jirgin ƙasan nan da ke tashi daga Yawunde da almuru, ya kwana yana tafiya, ya wayi gari a Ngaundare. Kiranmu shi ne, duk wanda Allah ya hore masa, ya ɗauki 'ya'yansa a wannan jirgi ya kai su arewa wurin dangi, ko da sau ɗaya ne cikin shekara biyu.

Kowace shekara mukan tambayi 'yan ajinmu, 'ya'yan Birkitiri da unguwannin da ke kewaye, ina ne garin kakanninsu. Wannan ya ce Garwa, wancan ya ce Marwa, wani Tibati, wani Maiganga. In muka ce wa ya taɓa zuwa, sai hannuwan da suka tashi su kasa cika yatsun hannu ɗaya. Yaro ya san muryar kakarsa a waya, amma bai taɓa cin tuwon hannunta ba. Hausarsa rabi Faransanci ce, in babba ya gaishe shi doguwar gaisuwa sai ya tsaya yana kallon ƙasa. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, kuma mu mazauna kudu, ƙafar tamu ita ce wannan jirgi.

Ya kamata yaranmu su san cewa hanyar nan ba tun fil azal take ba. Kakanninmu fatake da suka kafa unguwar Hausawa a Yawunde da ƙafa suka zo, ta Tibati da Yoko, suna koro shanu, suna komawa da goro, ana shafe makonni a hanya. Layin dogo daga Duwala ya iso Yawunde a 1927, bayan Jamusawa sun fara shi Faransawa suka ƙarasa da aikin tilas wanda ya ci rayukan talakawa da yawa. Daga nan ya tsaya cak har 1964, lokacin da aka fara shimfiɗa shi zuwa arewa. Ya kai Belabo a 1969, ya isa Ngaundare a 1974, zamanin Shugaba Ahmadu Ahijo. Tsawonsa daga Yawunde kilomita 622 ne. Tafiyar makonni ta koma ta dare ɗaya. Mu da muka yi ƙuruciya a zamanin Regifercam mun ga iyayenmu suna lodin albasa da kilishi da tabarmi a cikinsa, kafin a miƙa shi ga kamfanin Camrail a 1999.

Jirgin yana da ɗakunan kwana masu gado biyu da masu gado huɗu, akwai kujerun daraja ta ɗaya, akwai na ta biyu. Mai hali ya kama ɗaki ya huta, ba laifi. Amma mu dai a ganinmu, makarantar tana cikin taragun kujeru. A nan ne yaro zai zauna kusa da soja mai komawa bakin aiki, da ɗalibar jami'ar Ngaundare, da ɗan Cadi mai hanyar Kusiri, da tsohuwa Bafulatana da ta je jinya asibiti. Kafin a wuce Obala an riga an buɗe ƙullin abinci. Tsohuwa ta miƙa wa yaro ƙuli-ƙuli ta ce, "Karɓi, jikana." Shi kuma ya koyi sa hannu biyu ya ce, "Na gode, Kaka." Wannan darasi ba ya cikin littafin da muke koyarwa da shi.

Tsakar dare jirgi yakan tsaya a Nanga Eboko, sai mata su taso da fitilu da tire a ka, suna tallan ayaba da abarba da bobolo, watau rogon nan da ake naɗewa a ganye. Ciniki ta taga ake yi, kuma sai mutum ya tanadi canji, domin jirgi ba ya jiran mai neman canji. Daga nan layi yakan bi gefen kogin Sanaga har Belabo, garin katako, inda masu zuwa Bertuwa suke sauka. Yaro mai kunne zai lura cewa harshen masu talla yana canjawa daga tasha zuwa tasha, har ya fara jin Fulatanci da Hausa suna yawaita.

Da asuba ne ya kamata a tashe shi. Ya kwanta cikin kurmi mai duhu, zai farka ya ga itatuwa sun gajarta, ciyawa ta miƙe iya ganin ido, ga garken shanu, ga sanyin tudun Adamawa yana shigowa ta taga. Wajen Ngaundal masu zuma za su kewaye jirgi da kwalabe. Abin da muke wahalar zanawa a allo a darasin labarin ƙasa, wai bambancin kurmi da saura, ga shi yaro ya gani da idonsa cikin sa'o'i kaɗan. In an isa, a nuna masa dutsen da garin ya samo sunansa, domin a harshen Mbum, Ngaundare na nufin dutsen cibiya. A bakin tasha kuma ga motocin Garwa da Marwa suna jira, don a nan layin dogo ya ƙare. An daɗe ana maganar ƙarasa shi zuwa Injamena, amma har yanzu magana ce.

Mun san abin da ke cikin zukatan wasu iyaye, kuma ba za mu ɓoye shi ba. Ranar Juma'a 21 ga Oktoba 2016, jirgin da ya tashi daga Yawunde zuwa Duwala ya kife a kusa da Eseka. Gwamnati ta ce mutum 79 suka rasu, ɗaruruwa suka ji rauni. A ranar, hanyar mota tsakanin biranen biyu ta yanke, jama'a suka yi cincirindo a tasha, aka ƙara taragu a kan na kullum. Kwamitin binciken da aka kafa ya ambaci gudun da ya wuce ƙima, da lodi fiye da kima, da birki maras kyau, kuma a 2018 kotun Eseka ta sami kamfanin da laifi. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Sai a 2021 aka maido da jirgin sauri tsakanin Duwala da Yawunde, wanda 'yan'uwanmu na New Bell suke bi su zo su kama na arewa.

Darasin Eseka shi ne mu daina ɗaukar cunkoso a matsayin abin da ba makawa. In an ce tikiti ya ƙare, mu haƙura mu jira gobe, kada mu nemi hanyar baya. Mu sayi tikiti da wuri a tagar tasha, kowane mutum da nasa, da katin shaida a aljihu, yara kuma da takardar haihuwa. Mu sanar da dangi can da nan ranar da muka hau. In mun ga ƙofa ba ta rufuwa ko an cika hanya da kaya, mu faɗa wa ma'aikata cikin ladabi, domin haƙƙinmu ne. Masu cewa gara mota su tuna cewa hanyar Bertuwa da Garwa-Bulai, duk da kwaltarta, doguwa ce, kuma direba ɗan Adam ne, barci na iya ɗaukarsa.

Sauran guzuri kuwa kowa ya sani: ruwan sha, bargo saboda sanyin asuba, buta, da haƙuri, domin jirgi yakan makara. Wanda yake da tambaya game da sallar matafiyi ya je wurin malaman unguwarsa kafin ranar tafiya. Kada a bar yara su tsaya a bakin ƙofa ko tsakanin taragu, kuma kada su sauka a ƙananan tashoshi da dare.

Tsofaffinmu na arewa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa sai an yi rasuwa muke rugawa tasha neman tikiti, mu je ta'aziyya mu kaɗai, yara suna makaranta. Gara mu kai su tun kakanni suna da rai, su shafa kansu, su sa musu albarka, su gaya musu sunayen waɗanda suka gabata. Mu kuma a watan Satumba za mu sake yin tambayar nan a aji, muna fatan ganin hannuwa da yawa a sama. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya, amin.