Baƙon da Ba a Tambayi Garinsu Ba

A zangon karatun da ya wuce na fara haɗa ɗan ƙamus na Hausa da Yarbanci, da niyyar ɗora shi a intanet idan na kammala kundin digirina. Ni ba ɗan sashen kwamfuta ba ne. Abokin ɗakina, wani Bazazzagi, shi ya koya mini kunna sabar gwaji, wato manhajar da ke nuna maka shafinka a kwamfutarka kafin duniya ta gani. Abin ya burge ni ƙwarai: da zarar na gyara kalma, sai shafin ya sauya nan take.

Wani dare ya tarar da sabar tana aiki, ni kuma ina yawo a shafukan sauke finafinai. Ya ce, "Malam, ka fa bar ƙofa a buɗe." Na yi dariya, domin a tunanina abin da ke cikin kwamfutata tamkar yana cikin akwatina ne.

Ashe saurin nan da ke burge ni ta wata hanya yake zuwa mai suna WebSocket, layi ne da ke zama a buɗe tsakanin burauza da saba. Bisa ƙa'ida burauza ba ta barin wani shafi ya karanta bayanan wani, amma ƙa'idar ba ta hau kan wannan layi ba. Iyakarta ta faɗi daga wane shafi baƙon ya fito. Aikin saba ne ta duba, ta karɓa ko ta ƙi. Idan ba ta duba ba, duk mugun shafin da na buɗe zai iya shiga ya saurari abin da nake rubutawa. An gano wannan ɓaraka a webpack-dev-server a 2018, aka sake gano irinta a Vite da Next.js a 2025, duk kuma an fitar da gyara.

Ni kuwa tun da na saka tawa ban taɓa sabunta ta ba, saboda rowar data. Ba ni da shaidar wani ya shiga, amma gabana ya faɗi. Kalmomin da na yi wata 8 ina tattarawa a bakin dattawan Sabo, a Ibadan, suna cikin fayilolin nan, ko malamin da ke duba aikina bai gan su ba tukuna.

A daren na sabunta ta, datar sati guda ta tafi. Finafinai kuwa yanzu a waya nake nema.