Ƙwarya Ta Bi Ƙwarya: Harhaɗa Kwamfuta Mai Sauri

Hausawa na cewa ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe. Galibi wajen zancen aure akan kawo wannan karin magana, amma ni a ganina ya dace ƙwarai da sha'anin harhaɗa kwamfutar tebur. Da yawa daga cikinmu ɗalibai mun ɗauka saurin kwamfuta yana ga tsadar kayanta, alhali ko kusa ba haka abin yake ba. Duk wanda ya tashi a garinmu Yalwan Damai, ta ƙasar Birnin Kudu, ya san in aka ɗaura ƙosasshen bijimi da ramammen maraƙi a garma ɗaya, to, huɗa ba za ta miƙe ba, kuma tafiyar maraƙin za a yi.

Dalilai biyu suka sa na ƙudura harhaɗa tawa. Na farko, aikin bincikena na shekarar ƙarshe. Na biyu kuwa, tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, ga shi kuma akwai ƙannenmu a gida da sai a zauren jarrabawa suke fara taɓa ta. Kuɗin kuwa na riɗin da mahaifina ya noma ne, saboda haka ba kuɗin gwaji ba ne. Bugu da ƙari, daga Birnin Kudu sai an bi ta Wudil an shiga Kano kafin a sami kayan, kuma ba kowane mai shago ke karɓar abin da aka ɓare ba.

Abu na farko da za a duba shi ne furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, da babban allon da za ta zauna a kai. Kowace furosesa da irin gurbinta. Kamfanin AMD ya fito da gurbin AM4 a 2016, da AM5 a 2022, shi kuwa Intel ya fito da LGA1700 a 2021, kuma babu wadda ke shiga gurbin wata. Ni na zaɓi Ryzen 5 5600G ta 2021, mai zama a AM4. Ko a nan ma akwai lauje cikin naɗi, domin tsofaffin alluna irin B450 ba su gane ta sai an sabunta musu BIOS, don haka na tabbatar an yi wannan a gabana.

Abu na biyu shi ne RAM, inda na'ura ke baje aikin da ke hannunta. Wani mai shago ya dage sai na ɗauki DDR5. Ya ce, "Ɗan makaranta, ai ita ce sabuwa, ta fi gudu." Na ce, "Gaskiya ne Alhaji, amma allona ba ya cin ta." AM4 sai DDR4, AM5 kuwa sai DDR5, kuma ko da yake dukkansu haƙora 288 gare su, tsagar da ke gindinsu ba wuri ɗaya take ba. Na sayi guda biyu masu gigabait 8 maimakon ɗaya mai 16, saboda biyun suna buɗe wa furosesa hanya biyu, kamar masu ɗebo ruwa da guga biyu a rijiya ɗaya.

Na uku, rumbun ajiya. Tsohon faifai mai juyawa yakan karanta kimanin megabait 150 a daƙiƙa, SSD ta SATA kimanin 550, ta NVMe kuwa a kan layin PCIe 3.0 takan kai wajen 3,500. Akwai waɗanda suka ninka haka a kan PCIe 4.0, amma furosesata a 3.0 ta tsaya. Sayen mai tsadar zai zama ɗaura bijimi ne a gefen maraƙi.

To, sai abin da littattafan Turawa ba su cika kula da shi ba, wato dacewar kaya da wurin da za su zauna. A ƙasarmu zafin bazara kan wuce digiri 40, hunturu ya zo da ƙura, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas. Wannan ya sa na haƙura da katin hoto, wanda wani yakan sha fiye da wat 300 shi kaɗai, tun da furosesata mai wat 65 tana da nata a ciki, kuma ƙaramar sola da inbata za su riƙe ta. Rarar kuɗin na zuba ta a akwatin wuta mai shaidar 80 Plus, da sitabilaiza, da gida mai fankoki da ragar tare ƙura, domin furosesa in ta yi zafi da kanta take rage gudu.

Saboda haka, ya 'yan'uwana ɗalibai da malamaina, kafin ku doshi kasuwa ku rubuta aikin da kuke so na'urar ta yi, da irin wutar da kuke da ita, sa'an nan ku bi kayan ɗaya bayan ɗaya kuna tambaya, shin wannan ya yarda da wancan? Allah ya sa mu dace, amin.