Baƙin da ke cikin lofe

Bahaushe ya kira lofe tukunyar taba, kuma sunan ya dace, domin sabuwar tukunya takan zuba wa abin da aka sa mata ɗanɗanonta kafin ta saba. Ruwan sabuwar randa ƙamshin ƙasa yake yi. Haka lofen itace yake a kwanakinsa na farko, sai dai shi wuta ake hurawa a cikinsa.

A Saint-Claude, wani gari na duwatsun Jura a Faransa, tun shekarun 1850 ake sassaƙa lofe da kututturen saiwar bruyère, itacen gaɓar Bahar Rum da ake tonowa a Korsika, Italiya da Aljeriya. Ana dafa shi sa'o'i da dama don ɗacinsa ya fita, a shanya shi watanni. Yana jure zafi, amma itace itace ne: mai zuƙa da gaggawa yana iya ƙona bangon sabon lofe har ya huje. Abin da ke kare bangon shi ne ɓawon gawayin da tabar kanta take ajiyewa sannu a hankali, wanda Faransawa ke kira culot, mai kaurin milimita 1 ko 2. Kafin ya taru, itacen tsirara yake. Shi ya sa masassaƙa da yawa suke shafe cikin da baƙin kwaɓi tun daga ma'aikata.

Garin gawayi ne tushen kwaɓin. Bambancin yana ga abin da ke riƙe shi. Wasu zuma suke sawa, wasu kindirmo, wasu ƙaro, wannan dai ƙaron da ake tsinta a jikin itatuwan Sahel. Irin wannan shafi ba ya cika damun harshe, kuma yakan ɓace cikin ɓawon bayan ƴan kwanaki. Wasu kuwa silikat na soda suke amfani da shi, wanda ke bushewa da tauri kamar gilas. A kansa gardama ta fi zafi: masu ƙinsa sun ce yana ba hayaƙi ɗaci, yana kuma hana itace shan danshi, har sukan kankare shi kafin su cusa tabar farko. Illar taba ga lafiya dai tana nan, da shafi ko babu.

Gardamar ɗanɗano gajera ce, tun da ɓawo in ya taru yakan rufe kome. Wadda ta fi nauyi ita ce ta amana. Saiwar da ta girma cikin ƙasa ba ta rasa ramin tsakuwa ko tsaga, kuma baƙin kwaɓi yana rufe aibi daidai yadda yake rufe lafiyayyen itace. Masassaƙi yana cewa kariya ce ya yi wa aikinsa daga hannun ɗan koyo, kuma yana da gaskiya. Mai saye shi ma yana da tasa: ya ba da kuɗinsa, ya leƙa cikin tukunyar, bai ga itacen da ya saya ba.