Garin Kalar da Muke Gani a Finafinan Indiya

Duk wanda ya tashi a Dutsin-Ma ko Kurfi yana kallon finafinan Indiya ya san wurin nan: jama'a su fito da fararen kaya, a yi ta watsa wa juna gari ja da kore da shuɗi, ana kiɗa ana rawa, kafin a tashi kowa ya koma kamar wanda ya faɗa karofi. Iyayenmu sun gani a fim ɗin Sholay na 1975, inda ana tsakar wasan 'yan fashin Gabbar suka afka wa ƙauyen. Mu kuma a finafinan fassara muka gani. Mai fassara zai juya maka barkwanci zuwa Hausa tsaf, amma ban taɓa jin ya tsaya ya faɗi dalilin garin nan ba.

Sunan bikin Holi. Mabiya addinin Hindu ke yin sa idan watansu na Falguna ya yi sha huɗu, galibi cikin Maris, lokacin da sanyi ya wuce a ƙasarsu. Kuma da wuta ake buɗe shi. A daren jajibiri kowace unguwa takan tara itace ta cinna babbar wuta, saboda wani labari da ke cikin tsofaffin littattafansu.

Wai an yi wani azzalumin sarki, Hiranyakashipu, wanda ya samu wata baiwa: mutum ba zai kashe shi ba, dabba ma haka, ba da rana ba, ba da dare ba, ba a cikin gida ba, ba a waje ba, ba a ƙasa ba, ba a sama ba, kuma ba da makami ba. Da ya ga ya toshe kowace kafa, sai ya ce kowa ya bauta masa. Kowa ya bi, ban da ɗansa na cikinsa, Prahlad, wanda ya tsaya a kan bautar Vishnu, ɗaya daga cikin manyan abubuwan bautarsu. Uban ya gwada guba, ya gwada giwaye, yaro bai mutu ba. Sai ya nemi 'yar'uwarsa Holika, wadda ke da mayafin da wuta ba ta ci. Ta rungumi yaron ta shiga wuta. A wata ruwayar, iska ce ta yaye mayafin ta lulluɓe yaron da shi. Goggo ta ƙone, yaro ya fito lafiya. Wutar jajibiri ita ake tunawa.

Ku ɗan dakata ku gwada warware baiwar sarkin da kanku, kamar kacici-kacici. Ga yadda labarin ya warware ta: Vishnu ya fito da siffar rabi mutum rabi zaki, ya kama sarkin da almuru, ya zauna a dokin ƙofa, ya ɗora shi a kan cinya, ya farke shi da farce. Ni dai wannan wurin ya fi burge ni, domin ko Gizo sai ya sara wa wanda ya tsara shi.

Shi kuwa garin kala, labarinsa daban ne. An ce Krishna yana yaro ya kai wa uwar goyonsa Yashoda kuka cewa shi baƙi ne, Radha kuwa fara. Ta ce ya je ya shafa mata launin da ya ga dama a fuska. Shi ya sa bikin ya fi armashi a yankin Matura na jihar Uttar Pradesh, inda suke cewa a nan aka haife shi. A garin Barsana har yau mazan Nandgaon kan zo tsokana, mata su tare su da sanduna, su kuma su kare kai da garkuwa. Akwai ma wani abin zaƙi da ake soyawa don bikin, sunansa gujiya. Kada Bakatsine ya ji sunan ya miƙa hannu, ba gyaɗa ba ce.

Da na karanta labarin Barsana, gidanmu na Kurfi na tuna. Ranar Holi ana sassauta girma: yaro ya shafa wa babba, ƙanin miji ya jiƙa matar wa. To mu ma ai muna da wannan ƙofar. Kakata takan kira ni mijinta, ta ce ban iya cefane ba, ni kuma in ce ta tsufa zan yi mata kishiya, maganar da ko a mafarki ba zan yi wa mahaifiyata ba. Ga wasan taubasai, ga na Katsinawa da Nufawa, ga tashe da azumi, inda yara ke kwaikwayon dattawa a ƙofar gidansu a kuma ba su hatsi. Asalin namu da nasu ba ɗaya ba ne, imanin ma ba ɗaya ba. Amma su da mu duk mun ware wurin da ƙarami zai taɓa babba ba a ji haushi ba.

Abin da fim ba ya nunawa shi ne inda wasan ke ɓaci. Mata da yawa a biranen Indiya ba sa fita ranar Holi, saboda samarin da ke fakewa da biki su taɓa wadda ba su da wasa da ita. Garin ma da can daga furanni da gangamau ake yin sa, yanzu wani na kanti yakan ƙona fata ya lahanta ido. A nan na ga hikimar namu tsarin: taubashi sananne ne, ɗan goggo ne ko ɗan kawu, ba duk wadda ka tarar a hanyar makaranta ba.

Taubashiyata ta yi aure tana Katsina, amma watan cika-ciki bai taɓa wucewa ba ta kira ni kan kuɗin shara ba. Bara ce mata na yi ba ni da kuɗin mota, sai ta turo mini lambar asusunta.