Auduga Ba Ta Son Cunkoso

Da shanu da hatsi aka san Potiskum. Sunan auduga na Funtuwa ne da Gusau da Gombe. Duk da haka mun noma ta a gonar kawuna da ke hanyar Fika, gefen gero da wake, kuma a can na gane cewa tun ranar huɗa ake cin ribarta ko a faɗi.

Ƙasarmu jigawa ce, daminarmu gajera, ƙarshen Satumba ruwa ya ɗauke. Shi ya sa Kawu ba ya yarda a yi masa huɗar ganin-ido. Garmar shanu sai ta nutse, kunyoyi su gitta gangare, sannan mu bi da fartanya muna datse kwarin kunya don ruwa ya kwanta ya shige. Auduga saiwarta ƙasa take nufa kai tsaye. In ta ci karo da tauri sai ta lanƙwashe, kwana kaɗan na fari ka ga ganye ya yi laushi.

Malaman gona, bisa shawarar cibiyar bincike ta Samaru da ta fitar da irin SAMCOT, sukan ce santimita 90 tsakanin kunyoyi, 45 tsakanin ramuka, a rage a bar biyu a rami. Kawu da ƙafa yake awonsa, kuma da wuya ya kauce.

Maƙwabcinmu kuwa cewa yake: "Alhaji, ai wannan ɓarnar fili ce." Ya matse tasa, ya bar huɗu-biyar a rami. A Agusta gonarsa ta fi tamu kyan gani, kore shar, har kafaɗa. Sai fure ya dinga zuba, feshi ba ya ratsa ganye, tsutsa ta samu inuwa. Abin da ya fashe ƙanana ne. Mai saye ya yago kaɗan, ya ja tsakanin yatsu, zaren ya tsinke nan take, ya karya farashi. Tamu ya ja, ta miƙe fara tas.

Ba wai a buɗe ta fiye da kima ba, don ciyawa ce za ta gaje filin, rassa su kwanta auduga ta sha ƙasa. Ɗan'uwa manomi, bana ka auna kunyarka kafin ka zuba angurya, kuma kada ka ji tausayin ragewa.